Goɗiyar da Muka Kai Ankara

Abokan hirata na ƙofar masallaci sun dame ni da tambaya. Duk ranar da aka ambaci Gana a rediyo sai wani ya juyo ya ce, “Malam Habu, kai da ka je, yaya ƙasar take?” In na fara ba su labari sai a kira salla, ko wani ya katse ni da zancen taki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga kuskure ya yi mini afuwa.

Mu biyu muka yi tafiyar, ni da ƙanena Sale, lokacin Gana ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Gidanmu a Ɗambatta gidan dillalan dawaki ne. Wani Alhaji Seidu, mai fataucin goro da ke zaune a Ankara, babban birnin Gana, ya zo ya sayi goɗiya a hannun kawunmu, mai launin gunya da dogayen ƙafafu, ya ce yana son wanda zai raka masa ita har gida. Muka yi ta mamaki. A wurinmu goɗiya ta haihuwa ce, namiji mai mutunci ba ya hawanta ya ratsa gari. Shi kuwa ya ce tsere za ta yi. Kawu ya zaɓe ni don na san ciwon doki, ya haɗa ni da Sale don goɗiyar ba ta yarda da hannun kowa sai nasa. Sale ya yi aure a lokacin, har da 'yarsa ɗaya, amma ƙaramin jiki gare shi, in ka hango shi daga baya sai ka ce bai fara azumi ba.

Da za mu fita Inna ta riƙe mini hannun riga a zaure.

“Habu, ga ƙanenka nan. Yadda na ba ka shi, haka nake so ka dawo mini da shi. Ku miƙa dabbar mutane ku juyo.”

Na ce to.

Daga Kano muka shiga jirgin ƙasa zuwa Ikko. Alhaji yana can cikin taragon mutane, mu muna taragon dabbobi da harawa da garwar ruwa. Tun daga nan tsoro ya fara. Kawu ya ja mana kunne a kan ƙudan tsando, ya ce da zarar an shiga kurmi, cizo ɗaya ya isa ya sa wa doki ciwon sammore. Don haka da muka haye gadar Kwara, itatuwa suka fara rufe sama, Sale ya cire hularsa ya tsaya a kan goɗiyar yana kora. Ko ƙudan gida ne ya sauka mata sai ya kai masa duka. A wata tasha wani ma'aikacin jirgi ya buɗe ƙofa zai tura mana awaki. Ba ma jin Yarabanci, shi ba ya jin Hausa, muka yi ta ihu da hannu har goɗiyar ta raba gardamar, ta kai wa ƙofar harbi. Mutumin ya kwashe awakinsa yana zaginmu.

A Ikko muka sauka wurin wasu Hausawa 'yan goro, daga nan Alhaji ya ɗauki hayar babbar mota. Direban wani dogon mutum ne mai waƙar coci, kuma yadda waƙar ta yi masa daɗi haka yake ƙara wuta. A wannan hanyar na fara ganin teku. An sha ba ni labarinta, amma ba wanda ya gaya mini tana da murya. Ruwa ne ya miƙe tsaye yana tahowa da ruri kamar zai haɗiye titi, sai ya faɗi, wani ya taso. Duk addu'ar da na sani sai da na karanta. Sale bai ko kalli ruwan ba, ya rungume wuyan goɗiyar yana yi mata magana a kunne.

A iyakar ƙasar da Faransa ke mulka wani jandarma ya tsare mu. Ya duba takardunmu, sai ya nuna goɗiyar ya yi tambaya. Yaron mota ya fassara, wai sunanta yake nema. Muka dubi juna. Wa ke raɗa wa goɗiya suna? Jandarman ya haɗe rai, ya ce dabbar da ba ta da suna ta sata ce, ya fara taɓa ankwar da ke ɗamararsa. Sai Sale ya ce, “Gunya.” Launinta kawai ya faɗa. Mutumin ya rubuta, ya ɗaga mana sanda. Sunan da ya bi ta ke nan.

Muka ratsa Lome, muka shiga Gana, muka haye wani babban kogi a kan jirgin fito, mota da mutane da kaji duk a kansa. Muka iso tashar Tudu a tsakiyar Ankara da rana tsaka, 'yan dako suka yanyame mu, kowa na jan kayanmu. Abin da ya ba ni mamaki, duk da Hausa suke yi.

Gidan Alhaji yana Nima. Unguwa ce ta kwano da langa-langa, lunguna ƙanana, da wani babban kwata da ya ratsa ta. Dagomba, Mosawa, Zabarmawa, Kotokoli, jikokin Kanawan da ba su taɓa ganin Kano ba, duk suna nan, kuma Hausa ce ta haɗa su. Sai dai Hausar tasu daban ce. Alhaji ya kira uwargidansa ya ce mana, “Ga matana, Mma Adiza. Shi ne zai riƙa ba ku abinci.” Sale ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Na taka masa ƙafa.

Mma Adiza ta kawo mana dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Sale ya kai loma ɗaya ya dube ni.

“Yaya, tuwon nan ya kwana uku.”

Ashe ta ji. Ta riƙe ƙugu ta ce, “Ci mana, Bakano! Bai lalace ba, haka ake yin shi. Dube ka kamar tsinke. Matanka ba ya ba ka abinci a gida?”

Kafin wata ya ƙare Sale ne ke neman ƙari.

Mun miƙa dabbar mutane. Da mun bi maganar Inna, da labarin ya ƙare a nan. Sale ma ya ce mu tafi, yana kewar 'yarsa. Ni ne na ce mu tsaya mu ga Asabar ɗaya, mu ga abin da aka sayi goɗiyar dominsa.

Filin sukuwar yana can wajen bakin teku, an kewaye shi da farin katako. Turawa da manyan gari da matansu suna sama cikin rumfa, mu talakawa muna ƙasa a rana. Wanda ya kai ni shi ne Issaka, wani Badagombe ɗan dako a Tudu, maƙwabcin Alhaji. Issaka bai taɓa hawan doki ba, amma ya san sunan kowane doki a Ankara da na ubansa. Shi ya riƙa yi mini bayani. Na ga ana ɗora mahaya a kan sikeli kamar buhunan gyaɗa. Na ga sirdi ɗan mitsitsi kamar takalmi, likkafa a ɗage, mahayi ya tsuguna a wuyan doki kamar biri. Sai na ga ana cusa wasu faya-fayan dalma a aljihun ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi.

Na ce, “Wannan fa?”

Issaka ya ce, “Dokin nan ya ci wancan sati. Dole a ƙara mishi nauyi, don sauran su samu su kama shi.”

Na ce, “Wato ladan wanda ya yi ƙoƙari shi ne a ɗora masa kaya?”

Ya ce, “Nan Ankara ne, ɗan'uwa.”

A garinmu dokin da ya tsere wa sa'o'insa kirari ake yi masa, a ƙara masa dawa da kanwa. Na yi ta jinjina abin. Amma da aka saki dawakin, ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafata, dubban mutane suka kwarma ihu da baki ɗaya, sai na tsinci kaina a kan katako ina ihu da su. Ban san lokacin da na hau ba. Hulata ma a ranar ta ɓata.

Daga nan na kamu. Kafin kowane tsere akan zagaya da dawakin a wani ɗan da'ira don mutane su gani. Nan na mayar wurin zamana. Abin da na koya a turken kawu shi ya yi mini amfani. Ina duban wanda ya jiƙe da gumi tun ba a fara ba, da wanda ke taƙaita taku da ƙafa ɗaya, da wanda kunnuwansa ke gaba yana neman a sake shi. Issaka ya ƙara mini da nasa sanin: wane ne ke son doguwar tafiya, wane ne ke son ƙasa mai laushi bayan ruwan sama, nauyin dalma nawa kowanne ke iya ɗauka kafin ya karaya. Da sassafe nakan bi masu barga zuwa bakin teku, tekun nan da na ji tsoro, in tsuguna ina kallon yadda kowane doki ke motsa jiki a kan yashi. In na koma gida ba abin da ke kaina sai ƙafafun dawaki. Ko a salla, Allah ya yafe mini, sai in ga suna zagayowa kwana.

Ba a daɗe ba aka sa mini suna Mai Ido. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci sai a biyo ni. “Mai Ido, wane ne gobe?” Mai shayi ba ya karɓar kuɗina. Ni ban taɓa sa ko kwabo a caca ba, kuma da wannan nake lallashin zuciyata, alhali na san inda masu tambayar ke kai maganata. Asabar ɗaya ta zama damina guda.

Shi kuwa Sale barga ya koma, don Gunya ta ƙi kowa. Mahayin da Alhaji ya ɗauko mata sau biyu tana watsar da shi a yashi. Sai Alhaji ya dubi jikin Sale ya ce a gwada shi a sikeli. Aka ɗinka masa riga mai ruwan ganye da 'yar hula. Ranar farko da ya hau ta a fili, ita ta zo ta ɗaya. Mutanen Nima suka ɗauko shi a kafaɗa tun daga bakin titi har ƙofar gida, Mma Adiza na guɗa. Wanda a da yake jin kunyar a gan shi a kan goɗiya, yanzu a bargar yake kwana. Goro in ya samu sai ya raba biyu da ita.

Murnata ba ta yi nisa ba. Wata Asabar ina tsaye daidai kwanar ƙarshe, inda dawaki ke matsuwa jikin katako, wani baƙin doki, akawal, ya ci tuntuɓe. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena, kamar an karya rake. Mahayin ya wuntsila, na baya suka bi ta kansa. Aka ɗauke shi a kan makara, kuma har na bar Ankara bai sake taka ƙasa ba. Dokin kuwa aka kewaye shi da tamfol, wani Bature likitan dabbobi ya shiga da bindiga, muka ji harbi ɗaya. Kafin a ja gawar har an fara kiran tsere na gaba.

Tun daga ranar, in Sale zai hau ba na iya cin abinci. Na ce masa mu tafi gida. Ya yi dariya.

“Yaya, ai kai ka ce mu tsaya.”

Gunya ta sake ci, aka ƙara mata dalma. Ta kuma ci, aka sake ƙarawa. Ina kallon ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdinta yana ta kumbura.

Ranar da abin ya faru, na je barga da safe kamar kullum. Na shafa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. A ta gaba ta hagu, bayan ƙwauri inda jijiya take, na ji ɗumi. Ba mai yawa ba ne, ba ta ɗingishi, ba kumburi. Na sake shafa ta dama, sanyi ƙalau. Na kira Sale na ɗora hannunsa a wurin. Ya daɗe bai ɗauke ba.

Na ce, “Kada ka hau ta yau. Da nauyin nan, a kwanar nan, ba za ta kai ba.”

Ya ce, “Na ji ɗumin tun jiya.”

“To mu je mu gaya wa Alhaji.”

“Yaya, Alhaji ya gayyato baƙi tun daga Kumasi. Ba zai cire ta ba. In na ce ba zan hau ba, wani zai ba, wanda zai yi ta zabga mata bulala tun daga farko har ƙarshe. Ni na san yadda zan lallaɓa ta. Ba sai mun ci ba.”

“In ta faɗi da kai fa? Me zan ce wa Inna?”

“Ka ce mata ban bar ta a hannun baƙo ba.”

Na yi faɗa, na yi roƙo, har na ce ni ne babba, na hana. Ya ci gaba da goge mata wuya kamar da bango nake magana.

A ranar ban je fili ba, karo na farko tun zuwana. Ƙafafuna suka kai ni tashar Tudu. Na yi ta zagaya motoci ina tambayar wadda za ta Ikko, ba don ina da niyyar shiga ba, don dai bakina ya sami abin yi. Daga baya na zauna a benci wurin wata mai ƙosai, ina kallon inuwa tana matsawa. Duk motar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

Bayan la'asar na hango Issaka yana ratsa mutane a guje, ba hula, yana waige-waige. Da ya gan ni ya ɗora hannu biyu a ka.

“Mai Ido! Kana nan? Naku ya faɗi! A kwana ya faɗi!”

Na miƙe, benci ya kife.

“Ƙafa ya karye biyu. Bature ya zo da bindiga, ya harbe shi a kai.”

Na ce, “Ya mutu?”

“Ya mutu mana! Har an rufe shi da tamfol.”

Ku da kuke karanta wannan a zaune cikin inuwa za ku ce ai ba a harbin mutum don ya karya ƙafa. Ni ma na sani. Kuma na yi wata da watanni ina jin mutanen nan suna ce wa mace “shi”, ina yi musu dariya. Amma kunnen da aka haife ni da shi ya riga hankalina. A Hausar da Inna ta koya mini, in goɗiya ce, “taku ta faɗi” za a ce. “Naku” ɗaya gare ni a Ankara.

Ban san yadda na isa filin ba. Na san takalmina ɗaya ya fita ban tsaya ba, na san wata mota ta kusa kwashe ni, direban yana zagina da Gananci. Ina gudu ina ganin fuskar Inna a zaure. Mai gadin ƙofa ya tare ni, na ture shi. Na tsallake katako na nufi kwana, inda mutane suka yi cirko-cirko. Ga tamfol a shimfiɗe. Na faɗi a gwiwa na kama bakinsa, na ɗaga.

Kan Gunya na gani. Idonta a buɗe, yashi a hancinta.

Na ce, “Alhamdu lillahi!” da ƙarfin da duk wanda ke wurin ya juyo. Na sake faɗa. Sai dariya ta ƙwace mini, ina yi hawaye na zuba, na kifa goshina a ƙasa a gefen gawar ina ta godiya.

Da na ɗago, sai ga Sale. Yana zaune a ƙasa jikin katako, taku kaɗan daga inda nake. Rigarsa mai ruwan ganye ta yage, kafaɗarsa ta dama ta zube, hannun yana lilo. A ɗaya hannun yana riƙe da linzaminta. An ce sun yi sun yi su ɗauke shi ya ƙi, sai da ya riƙe mata kai aka yi harbin. Yana kallona. Ban taɓa ganin irin wannan kallon a fuskarsa ba.

Ya ce, “Yaya, me kake gode wa?”

Na rarrafa wurinsa zan rungume shi, ya kau da kai.

A asibiti aka ɗaure masa kafaɗar, suka ce za ta haɗe amma a karkace, kuma hawan tsere ya ƙare masa. Alhaji ya yi mana kirki, ya sallame mu. Mma Adiza ta cika mana ƙwarya da dokunu da kifi tana kuka. Issaka ya ɗauki kayanmu har mota, yana ta tambayata laifin me ya yi da na ƙi kallonsa. Ba shi da laifi. Hausarsa ya yi.

Duk tsawon hanyar nan, mota da jirgi, Sale bai ce mini uffan ba. Na yi masa bayani ya fi a ƙirga. Na ce na ɗauka shi ne a ƙarƙashin tamfol, na maimaita masa kalmomin Issaka ɗaya bayan ɗaya. Yana ji, idonsa na waje. In na miƙa masa abinci sai ya ajiye, sai in na juya baya ya ci. Linzamin na cikin rigarsa. Na fara jin wani sabon tsoro, cewa na dawo da jikin ƙanena amma na bar shi kansa a can.

Muka isa Ɗambatta da yamma. Yara suka ruga da labari, Inna ta fito har ƙofar gida ba mayafi. Ta kama fuskar Sale, ta shafa, hannunta ya sauka a kan kafaɗar da ke ɗaure. Ta tsaya. Sannan ta juyo gare ni.

“Habu, haka na ba ka shi?”

Na san laifina ne, don tun kafin Asabar ta farko ya kamata mu juyo.

Sai Sale ya ce, “Inna, ki bar shi. Ya hana ni, ni na ƙi ji. Kuma da ƙafa ɗaya ba takalmi ya zo nemana.”

Bai dube ni ba da ya faɗa. Ya wuce ciki wurin matarsa da 'yarsa.

Da aka kira magariba na fito tsakar gida zan yi alwala. Na same shi tsugune a bakin rariya, yana ƙoƙarin karkata buta da hannun hagu ya tari ruwan da shi, ruwan na zubewa a ƙasa. Na tsaya daga nesa, ina tsoron in matsa ya tashi. Ya gwada, ya sake gwadawa. Sannan, kansa a sunkuye, ya miƙo butar ta inda nake.

“Yaya, zuba mini.”